Inda Na Kwana a Bakin Teku

Mu mutanen Bana ba mu san zaɓen masauki ba. In tafiya ta kama ka, kafin ka ɗaure kaya an riga an gaya maka gidan da za ka sauka: in Dosso ne gidan wane, in Kamba ne wajen wance, in Yamai ne ka nemi ɗan gidan liman a Wadata. Kakanninmu da suka yi fataucin gishirin Foga haka suka yi. Kowane gari da fatomansa, shi zai ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya nemo maka mai saye, ya ci la'adarsa. Ba ka tambayar ko ɗakin na da taga. Ita kanta tafiyar sai da dalili: kasuwa, asibiti, biki, gaisuwar mutuwa, karatu. Kalmar bakans a lakwal muka tsince ta, kuma ma'anarta a wajenmu ita ce a rufe aji ka koma gida ka ɗauki hauya. Shi ya sa ranar da na ce wa Inna zan tafi Kwatano, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya rasu. Na ce ba kowa, teku nake son gani, in kuma huta. Ta ce, "Mi kaka ɗauka da har ka gaji?"

Tambayar tana da hujja. Ban ɗauki komai ba sai magana. Wata uku na yi ina rubuce hirarrakin da wata mai bincike ta ɗauko a kasuwannin yankinmu, Dendi da Hausa a cakuɗe, abin saurare a kunne tun safe har dare, ina mai da murya baya sau biyar don in tabbata ko wasalin dogo ne ko gajere. Da aka biya ni jikka 130, kunnuwana sun kai inda ko na rufe ido muryoyin ƴan kasuwa nake ji suna ciniki. Ga ɗakinmu na haya a Yamai, mu biyar ne, kowa da wayarsa da abin da yake kallo. Wata rana na zauna na yi lissafi, na ga a shekara 23 ban taɓa kwana ni kaɗai cikin ɗaki ba, ko dare ɗaya. Ga kuma kundin kammala karatu kan kalmomin aro a Hausar Gaya, wanda shafi tara ya tsaya tun azumi. Abin da nake nema ke nan: ɗaki mai ƙofa, da kwana shida da ba wanda zai ce mini "kana ciki?"

Ga ɗan Gaya, teku ɗaya ne, na Kwatano. Ƙasarmu ba ta da gaɓa, amma mun tashi muna ganin tekun yana wucewa ta ƙofar gidanmu a bayan tirela: shinkafa, mai, tsofaffin motoci, gwanjo. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya da Malanbil ta rufu. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu gefen ya ci gaba da zama a rufe. Bututun man Agadem, mai kusan kilomita 2000, ta ƙasarmu ya bi ya gangara har Seme, mutum kuwa sai ya shiga kwale-kwale. Haka na ƙetare a ƙarshen Nuwamba, jakata a cinya, wata tsohuwa tana riƙe da rigata tana salati har muka taɓa gaɓa. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700. Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon. Har Paraku Dendi na saya maka ruwa da ƙosai, ga Hausa a kowace tasha. Daga Dasa sai ka ji harshen ya fara zame maka, kana shiga Bohikon ka zama kurma, sai faransanci.

A Zongo na sauka, wajen Kawu, ƙanin Inna, don in na wuce gidansa ban sauka ba, ba ni da bakin komawa Bana. Sunan unguwar ma namu ne, zango ne bakin mutanen kudu ya mai da shi Zongo, daga Kumasi har Lome har Kwatano. Kana shiga ka ji kamar ba ka bar gida ba: masu canji, masu tsire, ƙamshin turare, wa'azi daga lasifika, ƴan zemijan da rigunansu rawaya suna kutsawa tsakanin mutane. Shekara 19 Kawu ya yi yana fiton kayan ƴan Nijar daga tashar jirgin ruwa. Tun da iyaka ta rufu aikin ya ja baya, yanzu rabin yininsa a kan benci yake yi. Duk da haka ya sa aka yanka mini kaza, ya kori yaransa biyu daga katifa. Dare ya yi, na kwanta tsakanin wani ɗan Tunuga mai jiran biza da wani direba mai minshari kamar injin niƙa. Na tambayi Kawu da safe ina ne bakin tekun da ake zama. Ya ce shi dai yana ganin ruwan ta bayan kwantena, bai taɓa zuwa ya zauna ba, don ba abin da ya ajiye can.

Nan wahalar take, ƴan uwa. Nemo ɗaki ba wuya, waya ma na nuna maka. Wuyar ita ce ka kalli mutumin da ya yanka maka kaza da kuɗin da ba shi da su, ka ce masa za ka je ka biya baƙo don ka kwana. Na juya maganar cikin baki yini guda. Bayan la'asar na ce, "Kawu, akwai rubutun makaranta da zan yi, yana son wurin da ba mutane." Ya dube ni, ya ce, "Gidan nawa ya yi maka kaɗan ke nan." Na ce wallahi ba haka ba ne. Ya ce, "To mi a cikin wurin da ba mutane, in ba aljannu ba?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Hausa na da kalmomi da yawa na rashin magana, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai shiru, akwai tsit, akwai kurum, akwai jugum na wanda abu ya dama. Na Kawu kawaici ne, wanda mai yinsa ya ji, ya gani, ya haɗiye. Ya fi zagi nauyi. Da zan fita ya sa mini jikka 2 a aljihu, na karɓa don ƙin karɓa ya fi muni.

Fijirose na fara dubawa, don ita ce bakin tekun Kwatano da kowa ke ambata, kuma a intanet kowane ɗaki na unguwar an rubuta masa calme. Na lura kalmar nan a bakin masu haya ba ta nufin abin da ƙamus ya ce. Tana nufin ba a cikin kasuwa gidan yake ba. Unguwar na manne da filin jirgin sama, jirgi na tashi kana jin sa a haƙarƙarinka. Da rana tsaka bakin ruwan fayau, bukkoki da kujeru ba kowa, sai ka ce ka samu. Amma na tsaya na ƙirga lasifikan da aka jingine a gindin itatuwan kwakwa, kowace ta kai tsayin yaro, an lulluɓe su da leda suna jiran yamma. Wani mai gadi ɗan Tawa da na yi wa sallama ya ce mini daga Juma'a zuwa Lahadi shi kansa ba ya jin kiran waya. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida: ba na tambayar mai gida ko wurinsa shiru ne, mai gadi nake tambaya, ko mai sayar da burodi a ƙofa. Kuma ba na duba ɗaki da hantsi, sai gab da magariba, lokacin da janareto da mashaya da majami'ar unguwa kowa ke gwada muryarsa. In ka ga gida mai arha fiye da maƙwabtansa, zagaya bayansa ka ga abin da ke jingine da bangon.

Wida tana da nisan kilomita 40 yamma da Kwatano, kuma ita shiru ce da gaske, in ba ka zo a kwanakin 10 ga Janairu ba, lokacin bikin vodun da garin ke cika maƙil. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa tafiyar kilomita 4 ce, ita ce hanyar da aka bi da bayi zuwa jirage, a ƙarshenta ga ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda suke kira Ƙofar Rashin Dawowa. A aji mun ji labarin kamar na wasu mutane ne can. Amma cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, Wida da Badagiri da Ikko, akwai masu jin Hausa. A 1807 hukumomin Bahiya a Barazil sun bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1835 kuma aka yi tawayen Male na bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, aka same su da layu da rubutun Larabci a jiki. Na tsaya a wurin ina tunanin wani ya taɓa tsayawa nan yana kiran uwarsa da kalmar da nake kiran tawa. An nuna mini ɗaki mai kyau kusa da wurin, jikka 10, da taga mai kallon ruwa. Na shiga, na zauna bakin gado minti biyar, na fito na mai da makulli. Shirun wurin irin na maƙabarta ne. Ana kai masa ziyara, a yi addu'a, a koma. Ni dai ban ga yadda zan miƙe ƙafa in ci gyaɗa a nan ba. Wani zai iya, ban ce ya yi laifi ba.

Abin da ya riƙe ni a Wida har yamma wani ƙauye ne a kan hanyar, Jegbaji, inda mata ke yin gishiri. Na ga suna kankare ƙasa, su zuba cikin manyan kwanduna, su tsiyaye ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Wallahi sak aikin da ake yi a Foga, har hayaƙin da ke sa ido hawaye. Na sayi ƙulli biyu.

Gran-Popo ita ce ta ƙarshe kafin iyakar Togo, kilomita 80 da wani abu daga Kwatano. Garin siririn rairayi ne, teku a kudu, kogin Mono a bayansa, kamar an shimfiɗa rawani tsakanin ruwa biyu. Masaukan da ke kan rairayin na yovo ne, haka suke kiran Turawa, kuma ko ba a faɗa ba farashin ya faɗa: wanda na fara tambaya jikka 25 a dare, kuɗin hayata na wata biyu a Yamai. Ba kiɗa, ba hayaniya, ma'aikata na tafiya kamar masu jinya. A nan na gane shiru ma haja ce, ana tara ta a bayan katanga a sayar wa mai hali. A ƙauyenmu kyauta ne, ka fita bayan gari kawai, sai dai can ba ka da ƙofar da za ka rufe, kuma kafin ka zauna wani ya aiko yaro ya ga ko lafiya.

Sai wani abu da ba wanda ya gaya mini: teku ba ya shiru. A hoto ba a jin sa. Mu da muka saba da kogin Kwara, mai tafiya kamar dattijo, mun ɗauka ruwa duk haka yake. Wannan kuwa dukan ƙasa yake yi, dare da rana, kamar ana sauke buhuna daga tirela ba a gamawa. Na samu wani ɗaki mai sauƙi dab da ruwa, jikka 9, na roƙi a bar ni in zauna ciki rabin awa kafin in biya. Ƙarar ta cika ɗakin har bango na amsawa, ga gishiri ya ci ƙarfen taga, katifa da danshi. Mai kunnen da ya gaji ba zai kwana nan ba. Na ƙetare titi na bi wata ƴar hanya zuwa gefen kogi.

Can na samu gidan wata dattijuwa mai jin Mina, kowa na ce mata Maman, ni ma na bi. Ɗaki ɗaya take bayarwa a bayan gida, jikka 6, muka daidaita a 5 tunda kwana shida ne. Gado, gidan sauro mai faci biyu, tebur da ƙafa ɗaya ta gaza aka tallafe ta da bawon kwakwa. Daga nan tekun yana zuwa kamar numfashin mai barci a ɗaki na gaba, tafiyar minti goma ce in kana son ganinsa. Kafin in biya na yi tambayoyin da ba a rubutawa a talla. Ruwan rijiya na da gishiri? Ta ce kaɗan, na wanka da alwala ne, na sha a leda ake saye. Da wane mai ake girki, kuma ana dafa alade a tukunyar? Ta yi dariya ta ce ta san Musulmi, ta nuna mini tukunyar kifi daban. Akwai biki ko zaman makoki a unguwa cikin makon nan? Wannan tambayar ta fi duka muhimmanci, don jana'iza a kudancin Benin da tanti da lasifika ake yin ta, kwana ake ana kiɗa. Ta ce an yi wancan mako, sai dai in wani ya mutu gobe, wannan kuma ba ta da iko a kai.

Da ta ga katin shaidata ta ce, "Nijar?" Na ji gabana ya ɗan faɗi, don lokacin rediyon ƙasashen biyu ba daɗin baki suke wa juna ba. Ta ce ɗanta dako yake yi a tashar jirgin ruwa, tun da aka rufe gada ya dawo gida yana bin masunta. "In ka koma ka ce su buɗe," in ji ta. Na ce Maman, in sun tambaye ni zan faɗa. Ta ƙara mini kifi a tuwon masara daren nan.

Daren farko ban yi barci da wuri ba. Na rufe ƙofa, na sa sakata, na buɗe, na sake rufewa, don daɗin abin kawai. Sai asuba ta zo ba kiran salla. Ban taɓa sanin cewa kiran nan ne ke riƙe mini yini ba sai da na rasa shi. Na farka rana ta fito, na duba alƙibla a waya, na yi salla ni kaɗai, wani iri na ji, kamar na ci abinci ban wanke hannu ba. Kwana biyu ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. A rana ta uku na ji bakina ya yi tsami, na bi titi har na hango wani mai tebur da hula da carbi, na ce salamu alaikum, ya ce "Daga ina?" Ɗan Dogon Dutsi ne. Shi ya nuna mini inda suke haɗuwa salla, su ƴan kaɗan. Daga ranar na tsara yinina: rubutu daga safe zuwa azahar, shayi da hira a wajensa awa ɗaya, ba ƙari, sannan bakin ruwa. Shafi tara ya zama talatin da ɗaya.

Ban shiga tekun ba, kuma ina roƙon duk wanda zai je kada ya shiga. Iyon da muka koya a kogi ba ya aiki a nan. Gaɓar na da gangare, igiya na dukan ka ta faɗar, ruwan da ke komawa ya ja ƙafarka ta ƙasa. Masuntan da aka haifa a wurin ma sai sun tsaya sun ƙirga igiyoyi kafin su tura jirgi. Iyakata idon sawu. Da safe akan ja taru daga rairayi, mutum talatin ko fiye a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya, awa biyu ko uku. Duk wanda ya sa hannu yana da rabon kifi. Na sa hannu rana ɗaya, tafin hannuna ya yi kanta, aka ba ni ƙananan kifi bakwai, Maman ta soya.

Ɗan Maman ya kai ni Gbekon, tsohon garin, inda gidajen ƴan kasuwar zamanin Turawa suke tsaye ba rufi. Ya nuna mini cikin ruwa ya ce akwai tituna a can da teku ya cinye. Shirun da na zo saye, ashe rabinsa na garin da mutanensa suka tashi ne. Gabas da nan Mono ke shiga teku, wurin da taswira ta rubuta Bouche du Roy, wato bakin sarki. Ba wani sarki. Mutanen Fotugal ne suka ce boca do rio, bakin kogi, kunnen Faransawa ya ji abin da ya saba ji. Na rubuta wannan a gefen kundina, don irinsa ne ke faruwa da kalmomin da nake bi a kasuwar Gaya. Ita kanta kalmar teku akwai masu cewa daga Yarbanci muka aro ta, eti okun, gefen ruwa. In haka ne, kakanninmu gaɓar suka sa wa suna, ba su shiga ba su ma.

Kowace magariba ina kiran Kawu. Amsarsa ba ta wuce "lafiya lau" da "to madalla". Ranar Asabar ya ce, "Wanga wuri naka, wace mota ka zuwa can?" Lahadi da hantsi sai ga shi ya sauko daga taksi da babbar riga da ledar kilishi, wai ya zo ya ga ko aljannun sun bar ni da rai. Na kai shi bakin ruwa. Ya naɗe wando, igiya ta taɓa ƙafarsa, ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce, "Wannan shi ne shirun? Ai Zongo ta hi shi dama." Muka koma gidan Maman, ya ce bari ya ɗan miƙe kafin azahar. Sai da na tashe shi la'asar. Ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon ƙofar, ya ce rabonsa da barcin rana irin wannan tun kafin a rufe gada.

Kafin mu tafi ya zauna da Maman, da faransancinsa na tasha da guntun Fon, suka yi ta kai da kawowa. Ya fito ya ce mini an gama, duk wanda ya zo daga wajensa jikka 4 ne, kuma ya karɓi lambarta. Gishirin Jegbaji na kai wa Inna. Ta ɗanɗana a kan harshe, ta tofar, ta ce ba laifi amma bai kai na Foga kaifi ba, ta zuba shi a kwanon awaki. Watan jiya Kawu ya kira ni yana tambaya ko teburin nan an gyara ƙafarsa, don ya tura wani ɗan Bengu da likita ya ce ya huta.